Soyayya tsakanin duniyoyi biyu: asalin wannan nau'in labari da alaƙarsa da adabin Hausa

Labarin soyayya tsakanin duniyoyi biyu reshe ne na ƙagaggun labaran kimiyya, waɗanda a kantunan littattafan Faransanci ake jerawa ƙarƙashin sunan « science-fiction ». Matasa ake rubuta wa shi, daga ƴan shekara 13 ko 14 zuwa masu ashirin da ɗoriya. Ginshiƙinsa ɗaya ne: saurayi da budurwa suna son juna, ɗaya ɗan wannan duniya, ɗayan kuma daga wata duniyar ya fito, sannan akwai dokar da ta hana su zama tare. Dokar takan kasance ta sarauta ko ta iyaye. Takan kuma kasance ta halitta, kamar a ce iskar da ɗaya yake shaƙa guba ce ga ɗayan.

Ga mai karatu a Damagaram, Tanut ko Ollelewa, sunan ne kawai baƙo. Duk wanda ya taɓa jin tatsuniyar yarinyar da ta auri dodo, ko ya karanta littafin soyayya na Kano, ya san wannan labari tun kafin a saka masa kumbo da taurari. Abin da ke sauyawa daga zamani zuwa zamani shi ne irin shingen da ake gindayawa tsakanin masoyan.

Yadda ake gane shi

Abubuwa huɗu ne ake yawan samu. Na farko, duniyoyin biyu ba su daidaita: ɗaya ta fi ɗaya arziki, ƙarfi ko ilimi, kuma tana kallon ɗayar a raine. Na biyu, akwai iyaka da mai gadinta, ko katanga, ko tazarar sararin samaniya, ko ƙofar da ke buɗewa lokaci zuwa lokaci. Na uku, ƙetare iyakar yana da farashi: wanda ya ƙetara yana iya rasa lafiyarsa, danginsa ko hanyar komawa gida. Na huɗu, masoyan matasa ne da ba su da ta cewa a gidajensu, don haka soyayyar ita ce karo na farko da suke yanke wa kansu shawara.

Abin da ya raba labarin kimiyya da tatsuniya shi ne yadda ake bayyana abin mamaki. A tatsuniya, aljani yakan ɗauki mutum ya kai shi bangon duniya cikin ƙiftawar ido, ba mai tambayar yadda aka yi. A labarin kimiyya, dole marubuci ya kawo dalili, ko da ƙagagge ne: inji, makamashi, lissafin tafiya. Idan ya kafa doka a shafin farko, ba shi da damar karya ta a shafin ƙarshe don kawai ya haɗa masoyansa.

Asalinsa a ƙasashen waje

Littafin da ake yawan ambata a matsayin mafari shi ne A Princess of Mars na Ba'amurke Edgar Rice Burroughs, wanda aka fara bugawa kashi-kashi a wata mujalla a 1912, ya fito a littafi a 1917. Wani tsohon soja mai suna John Carter ya tsinci kansa a duniyar Mars, ya kamu da son gimbiya Dejah Thoris. Kusan shekara ɗari bayan haka, fim ɗin Avatar na James Cameron, na 2009, ya bi wannan sawu: sojan da aka tura don taimaka wa kamfanin haƙar ma'adinai ya so ƴar mutanen da ake shirin kora daga ƙasarsu, ya koma ɓangarensu.

Bunƙasar nau'in a tsakanin matasa ta zo ne daga shekarun 2000 zuwa sama. A fim ɗin Upside Down na 2012, wanda Juan Solanas ya shirya, duniyoyi biyu ne ke fuskantar juna kusa da kusa, ta sama ta masu kuɗi, ta ƙasa ta talakawa, kowace tana jan mutanenta ne kaɗai, kuma abin da aka kai daga ɗaya zuwa ɗaya yakan kama da wuta idan ya jima. A The Space Between Us na 2017, yaron da aka haifa a Mars ya zo duniyarmu neman yarinyar da suke hira ta intanet, sai zuciyarsa ta kasa ɗaukar nauyin jikinsa a nan. A Faransa, Christelle Dabos ta fara fitar da jerin La Passe-miroir a 2013, inda duniya ta tarwatse ta zama tsibirai masu shawagi, aka ba da yarinya Ophélie ga wani mutumin tsibiri mai nisa ba tare da an ji ta bakinta ba.

Masu kallon fina-finan Indiya sun san PK na 2014, inda Aamir Khan ya fito a baƙo daga wata duniya. Ya so ƴar jarida Jaggu, amma ya koma gida bai faɗa mata ba, domin zuciyarta tana wurin wani saurayi ɗan Pakistan wanda mahaifinta ya ƙi saboda bambancin addini da ƙasa. Fim ɗin ya jera shingen biyu wuri ɗaya, na sararin samaniya da na maƙwabta, ya nuna cewa na maƙwabtan ma ba ƙaramin shinge ba ne.

Abin da kimiyya ta tabbatar

Har yau ba a gano wata halitta mai rai a wajen duniyarmu ba. Amma shingayen da marubuta ke amfani da su na gaske ne. Tazarar da ke tsakaninmu da Mars takan sauko zuwa kimanin kilomita miliyan 56, takan kuma kai miliyan 400. Saƙon rediyo, wanda ke gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, yakan ɗauki minti 3 zuwa 22 kafin ya isa, wato gaisuwa da amsarta suna iya cin minti 44. Tafiyar kumbo takan ɗauki wata 6 zuwa 9, kuma lokacin da ya dace da tashi yana zagayowa ne duk bayan wata 26. Ƙarfin jan Mars kashi 38 cikin ɗari ne na duniyarmu: mai kilo 60 zai ji kansa kamar mai kilo 23. Iskarta kuwa kusan duka karbon ce, mutum ba ya shaƙar ta.

Idan aka fita daga dangin ranarmu, tazarar ta wuce misali. Hasken tauraruwa mafi kusa, Proxima Centauri, yana shekara 4 da ƴan watanni a hanya kafin ya iso mu. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 yana gudun kimanin kilomita 17 a daƙiƙa, amma da can ya nufa sai ya yi fiye da shekara 70,000. A 1995 Michel Mayor da Didier Queloz suka gano duniya ta farko da ke zagaya wata tauraruwa mai kama da rana, kuma zuwa 2022 adadin irin waɗannan duniyoyi da aka tabbatar ya haura 5,000.

Wani ɗan gajeren fim na zane daga Japan, Hoshi no Koe na Makoto Shinkai, na 2002, a kan wannan tazara kaɗai ya gina labarinsa. Yarinya ta tafi yaƙi a sararin samaniya tana aiko wa saurayinta saƙo ta wayar salula, kullum tana ƙara nisa, har saƙo ɗaya ya koma yana yin fiye da shekara 8 a hanya.

Tushensa a tatsuniya da labaran aljanu

Hausawa sun daɗe da ɗaura aure a sararin samaniya, tunda suna kiran tauraruwa Zara matar wata. A tatsuniya kuwa, fitaccen misali shi ne na budurwar da ta ce ba ta auren mai tabo ko ɗaya a jiki. Wani kyakkyawan baƙo ya zo, ta bi shi, sai a daji ta gane dodo ne ko maciji da ya rikiɗa. Akwai kuma ta ɓaunar da ta zama budurwa ta auri maharbi don ta san asirinsa. Waɗannan tatsuniyoyi gargaɗi ne daga bakin manya: baƙon da ba a san asalinsa ba, ba a ba shi ɗiya.

Labaran Dare Dubu da Ɗaya, waɗanda suka shigo ƙasar Hausa ta hannun malamai, sun zo da wata fuska. Saiful Muluki, ɗan sarkin Masar, ya ga hoton Badi'atul Jamali, ƴar sarkin aljanu, a jikin wata riga, ya yi shekaru yana yawon nemanta. Hasan na Basra ya ɓoye rigar gashin tsuntsu ta wata aljana ya aure ta; ranar da ta samu rigarta ta tashi da ƴaƴansu zuwa tsibiran Waƙ-Waƙ, ya bi ta har can. A nan mai ƙetare iyaka shi ne jarumi, mai sauraro kuma yana bayansa. Waɗannan fuskoki biyu, gargaɗi da goyon baya, su ne har yau ake samu a labaran matasa.

Batun bai tsaya a hira ba. Malaman fiƙihu sun tattauna auren mutum da aljani, kuma Badruddin al-Shibli, malamin ƙarni na 14, ya tara maganganunsu a littafinsa Akamul Marjan. Da yawa sun ce bai inganta ba, suna kafa hujja da ayoyin da suka nuna cewa Allah ya halitta wa mutane abokan zama daga jinsinsu. An ruwaito cewa da mutanen Yaman suka tambayi Imam Malik, ya nuna ƙinsa ne saboda ɓarnar da za ta biyo baya, kada mace ta yi ciki ta ce mijinta aljani ne. A Nijar ta yau ma ana jin zancen namijin dare da aljanin da ke hana budurwa aure, kuma faɗuwar ƴan mata a makarantu, da ake danganta wa abin da ake kira « génie tchatcheur », ta sha shiga labarai. Masaniya Adeline Masquelier, wadda ta yi bincike mai tsawo a Dogon Dutsi, ta yi rubutu a kan lamarin.

A rubutaccen adabin Hausa

Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar da ƙagaggun littattafan Hausa na farko a boko, kuma zaren biyu duka suna ciki. A Ganɗoki na Bello Kagara, jarumin ya bar fagen yaƙi da Turawa ya shiga ƙasashen aljanu. A Jiki Magayi na John Tafida da East, mai kuɗi ne ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainabu, abin ya ƙare da ɗaukar fansa.

Littafin da ake ɗauka a matsayin labarin kimiyya na farko da Hausa shi ne Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara taka wata. Wani yaro mai suna Kilba ya haɗu da Kolin Koliyo, baƙo daga sama, wanda ya ɗauke shi yawon sararin samaniya. Jigon littafin tafiya ce da buɗe ido.

Soyayyar da aka hana kuwa ta samu gidanta daga 1980, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid, labarin Bafulatana Boɗaɗo da Yasir, wanda ba ɗan ƙabilarta ba ne. Daga tsakiyar shekarun 1980 kasuwar littattafan Kano ta buɗe, da marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na farkon shekarun 1990, ya kawo Sumayya ƴar masu kuɗi da Muhammad ɗan talaka. A gefe guda, littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini sun riƙe duniyar aljanu, matsafa da birane masu sihiri. Wato Hausa tana da kumbon Dembo, tana da masoyan Gidan Dabino, tana da aljanun Madakin Gini. Kayan haɗin sun cika, kuma mai karatu ya saba da kowanne.

Nijar a cikin irin waɗannan labarai

A farkon shekarun 1970, lokacin babban fari, Mustafa Alasan ya shirya fim ɗin Toula ou le génie des eaux daga wani labari na Bubu Hama. Ruwa ya ƙafe, boka ya ce aljanin ruwa yana son a ba shi budurwa, aka zaɓi Tula. Saurayin da ke son ta ya fita neman ruwa don ya cece ta, ya dawo a makare. A nan ba ita ta zaɓi ɗayar duniyar ba, al'umma ce ta miƙa ta don ta tsira.

A 2007 marubuciya Nnedi Okorafor, Ba'amurkiya ƴar asalin Najeriya, ta fitar da The Shadow Speaker, littafin matasa da ke faruwa a Nijar a shekara ta 2070. Bayan wani babban sauyi, iyakar da ke tsakanin duniyarmu da wasu duniyoyi ta yi rauni. Yarinya Ejii, mai jin maganar inuwoyi, ta ratsa hamada tare da wani yaro Dikéogu zuwa duniyar Ginen don a hana yaƙi. Abota ta fi soyayya yawa a ciki. An sake buga shi a 2023 tare da ci gabansa, Like Thunder.

Ita kanta Mars ta taɓa sauka a ƙasar nan. A watan Nuwamba na 2023 aka tsinci wani dutse mai nauyin kusan kilo 25 a jahar Agadas, wanda bincike ya nuna daga Mars ya faɗo. An yi masa lamba NWA 16788, aka yi gwanjonsa a birnin New York a watan Yuli na 2025 a kan kimanin dalar Amurka miliyan 5.3. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike a kan yadda ya fita daga ƙasar.

Duniyoyin da ke maƙwabtaka a Damargu

Dalilin da ya sa irin wannan labari ke kama zuciyar matasa yana kusa da gida. Damargu tun zamanin ayari mahaɗa ce tsakanin Damagaram da Azbin. Hausawa, Dagira, Buzaye da Fulani suna cin kasuwa ɗaya a Bakin Birji, Tanut da Belbeji, suna shan rijiya ɗaya, amma idan aka zo maganar aure sai a fara binciken asali. A wurin Buzaye, maƙera sun saba aure a tsakaninsu. A gidajen Hausawa da dama, sana'ar kakanni ko tarihin bauta yana iya rushe baiko. Woɗaaɓe ma sun raba aure gida biyu, koobgal wanda iyaye ke ƙullawa tun ana yara, da teegal wanda masoya ke ƙulla wa kansu.

Shekaru ma shinge ne. Alƙaluman UNICEF sun nuna cewa kashi 76 cikin ɗari na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, kashi 28 kuma kafin 15. Yarinyar da ke karanta labarin Ophélie ko na Sumayya tana iya kasancewa a shekarun da ake yanke mata irin wannan hukunci. Ga kuma tazara: saurayin da ya tafi ci-rani Libiya, Aljeriya ko Najeriya, wanda sai ya samu rezo yake turo saƙon murya, bai da bambanci sosai da yarinyar fim ɗin Shinkai.

Ko hoton duniyoyi biyu masu fuskantar juna ba sai an je nesa ba. Matatar man fetur ta SORAZ, wadda aka buɗe a watan Nuwamba na 2011 a cikin ƙaramar hukumar Ollelewa, tana iya tace ganga 20,000 a rana, danyen man yana zuwa mata ta bututu daga Agadem. Da dare fitilunta suna haskawa daga nesa, a tsakiyar gonakin hatsi da makiyaya. Marubucin da ya tashi a wannan yanki yana da abin da zai gina labari a kai ba tare da ya ari birnin wasu ba.

Yadda yake isa ga matasa, da muhawarar da ke kansa

Yawancin littattafan waje da aka ambata da Ingilishi ko Faransanci suke, kuma samun su a wajen manyan birane yana da wuya. Fina-finai sun fi saurin yawo, musamman waɗanda aka yi wa fassarar Hausa a Kano, ana tura su daga waya zuwa waya. Labaran Hausa kuwa sun koma WhatsApp, Wattpad da YouTube, inda ake karanta su da murya, abin da ya buɗe ƙofa ga wanda bai yi lakwal ba.

Ƙorafin iyaye da malamai tsoho ne: irin waɗannan labarai suna koya wa yara bijire wa zaɓin manya, suna kuma cinye lokacin karatu. A Kano a 2007 har ƙona littattafan soyayya aka yi a bainar jama'a, daga baya kuma hukumar tace fina-finai ta jihar ta nemi marubuta su yi rajista. Marubutan sun amsa da cewa auren dole da fifita mai kuɗi ba su suka ƙirƙiro su ba, faɗar su kawai suka yi. Masu goyon bayan labaran kimiyya suna ƙara wata hujja: yaron da ya so sanin dalilin da ya sa zuciyar ɗan Mars ta gaza a duniyarmu ya riga ya shiga darasin kimiyya.

Ƙarshen labaran iri uku ne. Ko ɗaya ya bar duniyarsa har abada, kamar a Avatar. Ko su rabu kowa ya koma gida, kamar a PK. Ko kuma soyayyar ta tilasta wa duniyoyin biyu sake dokarsu. Tatsuniyar mai tabo ta zaɓi rabuwa, domin yarinyar takan gudo gida ta nemi gafarar iyaye. Littattafan Kano da yawa sun zaɓi na uku, inda iyaye ke saukowa a ɗaura aure da yardarsu. Wanda matashi ya fi so cikin ukun yakan nuna abin da yake fata a yi masa a gidansu.